Tef a Ƙasa Ranar Mika'ilu

Sararin samaniyar ƙauyenmu a watan Hidar, watan girbinmu, ba shi da alkawari. Ka fito da safe ka tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa, kafin ka shanye gahawarka rana ta fara cizon ƙeya, kafin azahar hazo ya gangaro daga dutsen da muke kira Tozo har ba ka ganin jelar jakinka. A nan aka haife ni, a nan na yi furfura, amma har yau ban iya karanta shi ba. Mijina Mekuriya kuwa cewa yake ya iya. Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan magana, kuma shekara talatin da ɗaya ina kwashe shanya a guje.

A kakar da nake ba ku labari, mu ne na ƙarshe a layin gayya. Ranar sha ɗaya ga wata maza goma sha huɗu suka shiga gonata da lauje. Na ce gonata don tawa ce, gadon mahaifina, tana can gangaren da ke fuskantar Tozo, kuma ita ke ciyar da mu. 'Yan filayen Mekuriya wake ne da sha'ir, ba sa kai mu wata uku. Tef na shuka a cikinta, hatsinmu mai kama da acha, kuma ya yi kyau a shekarar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Aka yanke shi kaf, aka jera shi tsibi-tsibi a ƙasa. Saura a ɗaure, a kai masussuka, a yi babban tari a rufe kansa da ciyawa. Sai hazo ya sauko da la'asar. Mutum ba ya ganin ƙafarsa, ga kwazazzabo a ƙarshen gonar. Aka ci injera, gurasarmu ta garin tef, aka sha giya, aka watse.

"Jibi a ƙarasa," in ji Mekuriya yana suɗe hannu.

Ya ce jibi ne domin gobe ranar Mala'ika Mika'ilu ce, wadda mu Kirista ke kiyayewa kowane wata, kuma ta watan Hidar ce babbar cikinsu. A ranar ba a yanka, ba a ɗaure dami, ba a niƙa. Ba ka yi, ba ka kuma sa a yi maka. Wanda ya karya, in ƙanƙara ta sauko wa ƙauye, sunansa za a kira.

Ba wanda ya fi Mekuriya sanin haka, don shi ya kira sunan wani a bara. Ƙanƙara ta kwantar da waken mutane, sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce laujen Endris ne ya jawo ta, don an gan shi yana yankan sha'ir ranar Mika'ilu. Endris maƙwabcinmu ne, katangar duwatsu ɗaya ta raba mu. Musulmi ne, ranar ba ta hau kansa ba, kowa ya sani. Kuma kakarsu ɗaya da Mekuriya ta wajen uwa, a bayanta aka goya su duka biyun. Sa ɗaya gare shi, sa ɗaya gare mu, tun aurena haɗa su ake yi a garma. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Kowannensu ya koma tattaki zuwa wata unguwa aron sa, tsofaffi biyu da ciwon gwiwa. Ni da Lubaba, matar Endris, muka ci gaba da miƙa wa juna gishiri da garwashi ta saman katanga idan ba sa gida.

Da safen Mika'ilu na share tsakar gida na cinna wa sharar wuta, yadda kowane gida ke yi a ranar don hayaƙi ya kori cutar shekara. Hayaƙin ya ƙi tashi. Ya kwanta a ƙasa yana bin gindin katanga. Na duba na gidajen ƙasa, duk haka. A wajena wannan alamar ruwa ce.

"Ka ga hayaƙin nan?" na ce wa Mekuriya.

Yana gyara farin gwadonsa na zuwa coci. Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take, ko ɗigon gajimare babu.

"Ɗanyar shara kika tara," ya ce. "Ruwa ya tafi sai baɗi. Ni na gaya miki."

"Kai ka gaya mini ranar da na shanya barkono."

"Aregash, yau ranar mala'ika ce, ki bar bakinki ya huta shi ma."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na ce zan biyo shi in na sauke tukunya. Na sauke tukunyar, amma ƙafata gona ta nufa.

Da hantsi wani baƙin girgije ya zauna a kan Tozo. Ƙarami ne, amma iskar da ke zuwa daga wajensa tana da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tsaya a bakin gonar ina duban abincinmu na shekara a shimfiɗe. Wanda ya san tef ya san ba ya jure haka. Ƙwayarsa ba ta kai yashi ba. Ruwa ya buge shi a yanke, rabi ya zube cikin laka inda ko kaza ba ta iya tsince shi, sauran ya tsiro a jikin kansa cikin kwana biyu. Na sunkuya na taɓa tsibi ɗaya, a bushe ƙayau. Hannuna ya fara tattara shi da kansa. Na fizge hannun na ɓoye a hammata. Tsoro nake ji, na mala'ika da na bakin mutane, kuma ban san wanda ya fi ba.

Ina tsaye sai ga jakunan Endris guda uku suna hawowa daga rafi, ba kaya a bayansu, suna tafe suna cizge ciyawa. Na ce a raina, da tef ɗin nan na Endris ne, da kafin azahar yana cikin tari. Na sake maimaita maganar. A karo na uku na tattare zanena na bi jakunan.

Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran igiya, Lubaba tana suyar gahawa, ga ƙannensa biyu da matansu sun zo yini. Shekara guda ban taka gidan ta ƙofa ba. Hira ta tsaya cak.

"Gashe Endris, ina kwana," na ce. Gashe muke ce wa babban namiji don girmamawa, Etiye kuma babbar mace.

"Lafiya lau, Etiye Aregash. Ɓatan hanya kika yi? Coci yana can sama."

"Na san inda yake. Kyauta na kawo maka."

Ya duba hannuwana, ba komai a ciki.

"Tef ɗin da ke gonata, wanda aka yanke jiya," na ce. "Na ba ka. Duka."

Lubaba ta bar motsa kaskon har gahawar ta fara ƙauri. Endris ya ajiye igiyar, ya karkata ya leƙa Tozo, ya dawo da idonsa kaina. Ba wawa ba ne.

"Aiki kike so in yi miki."

"Ba ni da bakin sa ka aiki yau. Kyauta na ce."

"Kyauta ko wayo?" ya ce. "Don in wayo ne, ki kai shi wani gidan. Bara sha'ir ɗina na yanka a gonata, aka ce ni na saukar da ƙanƙara. Bana in taɓa na mijinki a ranar, ai sai a ce ni na kawo fara da ciwon shanu har da haƙorin da ya zube wa limaminku."

Ƙannensa suka yi dariya, shi bai yi ba.

"Ba na mijina ba ne, nawa ne, ka san gonar waye. Kuma abin da ya faɗa bara, ni ban faɗa ba."

"Ba ki hana ba."

Gaskiya ce, na haɗiye ta. Iska ta kaɗa bishiyoyin turaren bayan gidan, ganye suka zubo cikin tsakar gida.

"To ki rantse," ya ce. "Da mai ranar. Mu ma mun san shi, shi ke riƙe da ruwan da kike tsoro. Ki rantse kyauta ce, ba za ki dawo ki nema ba, ke ko wani naki."

Na dubi Lubaba, ta sunkuyar da kai. A lokacin na gane abin da na ɗauko. Mutumin da aka ci wa mutunci a gaban gari nake miƙa wa abincin shekara, kuma da shaidu. Amma in ban miƙa ba, laka za ta ci. Na ce gara ya shiga cikin mutane, ko ba namu ba.

"Na rantse da Mika'ilu, a ranarsa. Na ba ka. Ba zan nema ba."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Kun ji," ya ce wa ƙannensa. "Ina da tef a ƙasa, ga hadari. A kira 'yan'uwanmu Musulmi na unguwar ƙasa. Lubaba, sauke kaskon nan, kin ƙona mana gahawa."

Kafin a jima mutum kusan ashirin sun cika gonar, maza da mata. Wasu na ɗaurewa, wasu na aza wa jakuna, wasu na ɗauka a ka suna bin hanyar masussukar Endris. Ni kuwa na zauna a kan dutse a bakin gona, hannuwana a hammata. Ban taɓa shan wahala irin ta wannan zaman ba. Wata yarinya tana ɗaure dami sako-sako, tef na zuba, na buɗe baki zan yi mata tsawa, na tuna ba nawa ba ne.

Sai sararin nan ya yi halinsa. Girgijen ya zame ta bayan Tozo ya ɓace, iska ta ɗauke, rana ta buɗe tarwai har masu aiki suna cire mayafi. A daidai wannan lokacin aka taso daga coci. Na hango fararen gwaduna suna gangarowa, na Mekuriya a gaba, don wani mai saurin baki ya riga ya kai masa.

Ya tsaya a kaina yana haki. Ya dubi gonar da ta rage rabi, ya dubi jakunan.

"Me kika yi?"

"Na kyautar."

"Wa?"

"Ga shi can yana ɗaura wa jaki."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. "Dubi can, Aregash. Dubi da kyau. Ina ruwan? Kin ɗauki abincinmu kin ba mutumin da ko gaisuwa ba ma yi, saboda hayaƙin shara."

Na duba. Shuɗi ne fes daga wannan dutse zuwa wancan. Na ce a raina, shi ke nan, yau ɗaya tsohon nan ya faɗi daidai, kuma ranar na zaɓa in yi hauka.

Limamin cocinmu, Kes Yitbarek, ya ƙaraso da lemarsa, jama'a na biye. Mekuriya ya juya gare shi ya ce a hana, ana aiki a gonarsa ranar mala'ika. Kes Yitbarek ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa, har rantsuwar. Ya shafa gemu.

"In kyauta ce ta gaskiya, tef ɗin Endris ne," ya ce. "Ba ku yi ba, ba ku sa an yi muku ba. Ba ni da abin hanawa. Amma ku ji ni, ku biyun. In gobe na ji ya dawo hannunku, ko an mayar ko kun karɓa, to mala'ika kuka yi wa wayo da sunansa. Abin da ya biyo baya kada a neme ni."

Kowa ya ji, har Endris, wanda bai ko ɗago daga igiyar da yake ja ba.

Mekuriya ya zauna a wancan gefen dutsen, ya ba ni baya. Muna nan zaune, saura 'yan tsibi kaɗan a gindin gona, na ji sanyi ya taɓa mini wuya. Iskar ta juyo, wannan karon daga kwazazzabo. Girgijen da ya tafi ya dawo ta ƙasa, ya tara 'yan'uwansa, rana ta dushe kamar an rufe ta da kwando. Masu aiki suka fara gudu. Endris da kansa ya ɗauki dami biyu, da wannan gwiwar tasa. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi lokacin da jakin ƙarshe ya fita daga gonar. Daga inda nake ina hango ƙanensa a saman tarin yana shimfiɗa ciyawa, ana miƙa masa duwatsu yana dannewa.

Sannan aka kece. Ruwa ne irin na tsakiyar damina, mai tafe da iska. Kafin mu kai gida gonata ta zama jar laka tana malala cikin kwazazzabo. Farin gwadon Mekuriya ya manne masa a jiki. Ban ce masa na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo har bakin haƙorina.

Kwana biyu ana yi. Ya tsaya rana ta leƙo, mata su fito da shanya, ya dawo. Duk lokacin da ƙarar rufi ta canza sai in fita in tara hannu, in ga ko ƙanƙara ce, domin in ta sauko, sunana da na Endris za a haɗa a kira. Ba ta sauko ba. A can ƙololuwar Tozo kaɗai ta zuba, inda ba mai shuka komai, ya wayi gari da farin kai. Da na ga haka na shiga ɗaki na zauna a ƙasa don sauƙin da na ji.

Sauƙin bai cika ba. Ta saman katanga ina ganin tarin, a tsaye, ruwa na zamewa ta kan ciyawarsa, kuma ba namu ba ne. Rumbunmu da na shafe da sabuwar laka tun watan jiya yana nan wayam. Na dafa sha'ir, Mekuriya ya ci bai yi ƙorafi ba, abin da ya fi ƙorafin ciwo. Na ƙirga wake da sha'ir da ido, na ga inda za su ƙare. Ba ni da bakin nema, Endris kuma ko yana so ba shi da hanyar mayarwa.

A rana ta huɗu gari ya washe. Na wanke gwadon Mekuriya na shanya a kan katanga. Sai ga kan Lubaba ya ɓullo ta sama.

"Etiye, gahawa ta nuna. Ke da maigidan, in ji shi."

Mekuriya yana jin ta daga ɗaki. Ya ce ba ya zuwa. Na ce to, na ɗauki mayafina. Ban kai ƙofa ba na ji ƙarar sandarsa a bayana.

Lubaba ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turare a wuta, ga soyayyen sha'ir a faranti. Aka zuba kofin farko, aka sha. Aka zuba na biyu. Mekuriya yana juya kofin a hannu, yana duban ƙasa.

"Ƙanƙarar bara," ya ce, sai ya tsaya ya yi tari. "Bana ka yi aiki a ranar, mutum ashirin. Ba ta sauko ba."

"Na lura," in ji Endris.

"Bakina ya yi tsawo."

"Tun muna yara. Kaka ta sha faɗa."

Iyakar abin da aka ce ke nan a kan maganar. Lubaba ta mayar da tulun gahawar kan garwashi don zubi na uku, na albarka, wanda ba a tashi kafin a sha shi. Endris ya miƙe ƙafa yana matsa gwiwa.

"Ina da damuwa, ɗan'uwa," ya ce. "An yi mini kyautar tef mai yawa. Ba na mayar da kyauta, kada ma wani ya sa rai, limaminku ya yi magana kuma na ji. Amma sa ɗaya ba ya tattake wannan tarin."

"Nawa yana nan yana cin ciyawar banza," in ji Mekuriya a hankali.

"To gobe ka kawo shi. Sai magana ta biyu. Rumbuna ya cika da sha'ir, ba ni da wurin zubawa. Na ji an ce akwai wani a bayan katangar nan, an shafe shi, ba komai a ciki. Ku ara mini."

Na ajiye kofina.

"Sai dai Lubaba ta ce gidan akwai ɓeraye," ya ci gaba, fuskarsa ba alamar wasa. "Guda biyu, tsofaffi. Macen ta fi faɗa. Ni ba zan iya tsaron rumbu a gidan wani ba. Duk abin da suka ci, daga yau har wata kakar, na yafe musu duniya da lahira."

Lubaba ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban ko share ba. Wani nauyi da na ɗauka tun safen Mika'ilu ya sauka daga ƙirjina, har na ji yunwa.

Mekuriya ya tura kofinsa gaban Lubaba.

"Ɓerayen nan suna da ci, Endris."

"Na sani. Na taɓa haɗa kwano da namijin."

Lubaba ta zuba na ukun. Muna cikin sha na ji yayyafi ya fara taɓa rufin, a ranar da Mekuriya ya rantse tun safe ba za a yi ko ɗigo ba. Gwadonsa yana can a kan katanga. Na miƙa wa Lubaba kofina ta ƙara mini, na bar shi ya jiƙe.